Abin da Baba Ya Bari a Faranti

Wurno,
ranar Talata.

Zuwa ga ɗana Mu'azu,

Bayan gaisuwa mai yawa, da fatan kana lafiya kamar yadda muke nan lafiya, in ka cire ƙafa da kunne, waɗanda ka san halinsu. Takardarka ta iso ta hannun Halliru direba, tana warin albasa kamar kullum. Kada ka ƙara ce mini in riƙa ɗaukar waya. In na ɗauka sai in ji shuuu kamar ana suya, ni in yi ihu kai ka yi ihu, maƙwabta su kwashe zancenmu kaf ni ban ji komai ba. Takarda ta fi mini kwanciyar hankali.

Na karanta abin da ka ce. Madam ɗinku za ta buɗe sabon gidan abinci a bakin teku, tana so ta damƙa maka kicin ɗin gaba ɗaya, amma sai ka yi alkawarin zama na shekaru ba motsi. Kai kuma ka ce ba za ka amsa ba sai da yardar mahaifinka. Madalla da tarbiyya, ni na yi ta. Sai dai ka jefa ni cikin aiki. Kai ɗan fari ne, Jelani mahaifinka ba ya kama sunanka, ba ya zama inda kake zaune, balle ya buɗe baki ya ce maka tafi ko dawo. Tun ranar da aka yaye ka aka miƙo mini kai, ni ce bakinsa ni ce kunnenka. Ga shi yanzu kunnen ya mutu, bakin kuma ya gaji.

Duk da haka na shiga mota na je Goronyo. Ban same shi a gida ba, sai a gonar nan ta ƙasan dam. Mu'azu, ba zan ɓoye maka ba, ƙanen nan nawa ya tsufa ya wuce ni. Na tarar da shi zaune a bakin kanal yana murza gwiwa, fartanya a gefe. In ya durƙusa zai buɗe wa fangalin shuka ruwa, sai ya dafa ƙasa da hannu biyu kafin ya miƙe. Ƙannenka duk mata ne, kowace tana ɗakinta, daga Rabah sai Dinawa. Irin albasa ya fito ya yi kyau, dashe ya matso, kuma shi kaɗai ne. Ban da wannan akwai bakin mutane. Ka san abin da ake faɗa a majalisa, wai jikan malamai yana can Ikko yana tuƙa tuwo. Har ni an taɓa, wai ni na lalata ka da zaman gindin murhu don ban haifi mace ba.

Na faɗa masa saƙonka. Ya daɗe yana kallon ruwa, har na ɗauka da ni da kanal duk ɗaya ne a wurinsa. Can ya ce, "Yaya, ni ban yanke magana bisa abin da ban gani ba. Halliru na lodi jibi, ni bi shi."

To ka ji. Mutumin da bai taɓa wuce Kwantagora ba zai hau motar albasa ya zo ya ga aikinka da idonsa. Ka nema masa wurin kwana a ƙasa, ban da bene. Kada ka tsare shi da ido, kada ka tsaya a kansa, kada ka sa shi magana a gaban mutane. Abin da ya gani ya gani, in ya dawo ni zan tatso maka amsar.

Ka gaida Madam ɗin, ko da ban san ta ba. Allah ya yi maka albarka.

Goggonka,
Uwaliya.

*

Ikko,
ranar Litinin.

Zuwa ga Goggo,

Gaisuwa da ladabi da biyayya. Ina fatan ƙafa ta yi sauƙi. Ina rubuto miki wannan a tsaye a bayan kicin, don in na zauna barci zai ɗauke ni.

Sun iso lafiya, sun kuma juya lafiya. Kada ki wahalar da kanki zuwa tatso amsa, Goggo, na riga na same ta.

Bari in ba ki labari yadda ya faru. Da na gaya wa Madam mahaifina zai zo, sai ta ce a ware masa teburin da ya fi kowane, wanda ke kallon teku. Gidan namu ki ɗauka wani dogon zaure ne, bango ɗaya gilashi ne yana kallon ruwa, ɗaya bangon ma gilashi ne yana kallon kicin, don masu cin abinci su riƙa ganin yadda muke aiki. Haka ake yayi yanzu. Abincin da muke yi kuwa haɗe-haɗe ne, a ɗauko na gida a gwama da na wata ƙasa, a zuba ɗan kaɗan a tsakiyar ƙaton faranti. Ba a kawowa gaba ɗaya, bi da bi ake yi, in an ɗauke wannan a kawo wancan. Mutane sai sun yi rajista tun da sati kafin su samu kujera.

Na kwana biyu ina shirin abin da zan ba shi. Na ce ba zan ba shi abin da bai sani ba, zan ba shi abin da ya sani ne ta hanyar da bai taɓa gani ba. Albasar ma daga cikin lodin Baba Halliru na zaɓa, ta wajenmu.

Bayan Azahar suka shigo. Baba ya sa farar rigarsa ta Juma'a, ta sha ninki a jaka. A bakin ƙofa ya tsaya zai tuɓe takalmi saboda ƙyallin daɓen, sai da aka ce masa ya bari. Akwai 'yan matakala kafin a kai ga teburin, na manta da su sam. Ina kallo ta gilashi ya kama ƙarfen gefe yana hawa ɗaya bayan ɗaya, mutane na jira a bayansa. Na bi maganarki, ban fito ba. Na gaishe shi da safe a masauki, daga bakin ƙofa, ya amsa wa bango.

Da farko na aika da masa 'yan ƙanana, kowace da jatan lande a kanta, an gasa shi da yajin daddawa. Ko ta cikin gilashi sai da na ji muryar Baba Halliru. Wai, "Kai jama'a! Wanga shi na abincin, ko ɗanɗano na anka kawo muna?" Ya ɗaga jatan landen ya juya shi ya ce, "Wagga ai fara ta, ta ruwa." Ya jefa a baki, ya lumshe ido, ya sa yatsa ya share farantin tas. Mutanen teburin kusa suna ta dariya, shi ko a jikinsa.

Baba kuwa ya ture cokali mai yatsu gefe, ya yi bisimilla, ya ci masar. Jatan landen ya ajiye shi a gefen faranti.

Na ce a raina wataƙila ƙyamar abin ruwa yake yi. Na aika da na biyu, albasa da aka gasa a hankali cikin man shanu har ta yi zaƙi, da yankan naman rago a kai, wanda ya wuni a wuta. Ya ci albasar, ya gutsiri naman kaɗan, ya bar sauran. Na aika da hoce irin naki na garin dawa, na yi shi siriri ya yi ƙarau, da kifin teku da miyar yakuwa. Ya ci hocen, ya bar tsokar kifin, wadda ita ce gaba ɗaya aikin. Na aika da shinkafa da aka naɗe da kilishi, ya ci rabi. Na ƙarshe fura ce, na daskarar da ita da madarar kwakwa da zuma. Goggo, a kan wannan furar wata jarida ta taɓa yin rubutu. Ya kai cokali biyu ya ajiye.

Ke ba ki san aikin nan ba, amma mu a kicin ba ma jiran a yi mana magana. Faranti ne ke gaya mana komai. In ya dawo a share, an yaba. In ya dawo da saura, an ƙi. In kuwa aka ci na gefe aka bar ainihin abin, wannan ya fi zagi ciwo. Duk abokan aikina sun san mahaifina ne a teburin nan. Kowane faranti ya dawo sai kicin ya yi tsit, kowa ya duƙar da kai kamar yana neman wani abu. Wanda ke wanke-wanke ya miƙo hannu zai karɓa, na hana shi. Ni da hannuna na riƙa kankare su a kwandon shara, ɗaya bayan ɗaya, don kada wani ya ƙara ganin abin kunyata.

Daga faranti na uku Baba ya daina kallon teku, ya daina kallon komai sai tebur. Da suka tashi Madam ta je da kanta ta tambaye shi yaya abinci. Baba Halliru ya fassara. Sai Baba ya ce, "Ka ce mata mun gode. Allah shi ba da kasuwa." Shi ke nan. Washegari na je masauki na tarar sun bi mota tun da asuba.

Ban yi fushi ba, Goggo, gajiya kawai na yi. Shekara da shekaru ina tsaye a gaban wuta daga hantsi har a rufe, ƙafafuna sun kumbura, hannuna duk tabon ƙuna, ina gaya wa kaina wata rana zai gani ya gane ba tuwon kasuwa nake tuƙawa ba. Ya gani. Zan gaya wa Madam ta nemi wani. In dashe ya zo zan zo in yi, in ya so a huta da zancen majalisa.

Ki gaida mutanen gida. Ki sa ni a addu'a.

Ɗanki,
Mu'azu.

*

Wurno,
ranar Asabar.

Mu'azu,

Gaisuwa. Takardarka ta same ni, ta kuma hana ni cin tuwon dare.

Kada ka gaya wa Madam komai tukuna. Ka ji ko? Komai. Tun kana yaro haka kake, in miya ta yi gishiri sai ka kifar da tukunyar gaba ɗaya.

Halliru ya biyo ta nan, ya cika mini ɗaki da labarin farar ruwa da fura mai ƙanƙara, har yana cewa a bakin aikinka sarki ma sai ya lashi yatsa. Na tambaye shi Jelani fa? Ya ce tun daga Ikko har Goronyo bai ce uffan ba sai salati in mota ta faɗa rami. Sauda ƙanwarka ta aiko cewa tun da ya dawo bai fita majalisa ba, daga gona sai ɗaki.

Akwai abin da na karanta a takardarka da ya sa gabana ya faɗi, amma ba zan faɗa ba sai na ji daga bakinsa. Gobe zan sake hawa motar Goronyo da wannan ƙafar tawa. Ku biyun nan za ku ƙarasa ni.

Uwaliya.

*

Wurno,
ranar Laraba.

Zuwa ga Mu'azu,

Bayan gaisuwa. Ka nemi wuri ka zauna kafin ka karanta wannan, kada ka karanta ta a tsaye a bayan kicin.

Na je. Na same shi a zaure yana gyaran igiyar injin ban-ruwa, ya rame kamar wanda ya tashi daga jinya. Na zauna, aka kawo ruwa, muka gaisa, muka yi zancen taki da tsadar mai, muka yi zancen wanda ya mutu da wanda ya haihu. Ka san shi, sai an zagaya gari da shi kafin a iso ƙofar gida. Da na ga rana na tafiya sai na ce, "Jelani, yaron ga ya ce ka ƙi abincinai."

Sai ya ajiye igiyar. Ya ce, "Ni? Ni niƙ ƙi?"

Na ce haka ka rubuto, ya ci na gefe ya bar na tsakiya.

Mu'azu, tun rasuwar mahaifiyarka ban ga idon ƙanena ya kawo ruwa ba sai ranar. Ya ce, "Yaya, ke ma kin san ban iya kiran sunanai. Ban iya ce mai ya yi daɗi gaban mutane. To mi ar rage man? Nid duba inda yaf fi daɗi cikin kowane, nib bar mai. In an mai da kwano ya ɗauka ya ci, ya san ubanai ya sa mai albarka. Ina kallo ta madubin ga, yak karɓe kwanon ga hannun wani, nic ce to ga shi za ya ci. Sai yaz zuba ga shara. Da hannunai. Nic ce ko bai lura ba, nis sake bari. Yas sake zubawa. Har anka ƙare."

Ka ji abin da ya sa gabana ya faɗi tun a takardarka. Ina karanta yadda ya bar jatan lande ya bar tsokar kifi, na ce wannan ai saura ce ya bar wa yaro. Ina isowa inda ka ce ka kankare a kwandon shara, ga kuma bangon gilashi, na ce shi ke nan, an yi ɓarna.

Yanzu ni da kai. Ikko ta wanke maka kai har ka manta yadda ake cin abinci a gidan da ka tashi? Yaushe ka taɓa ganin dattijon kirki ya share kwano? Wannan sai su Halliru, da duniya ta san cikinsu ba shi da ƙasa. Babba yana ci ne ya rage, a miƙa wa na ƙasa da shi, kuma ba ƙashi yake ragewa ba in yana son yaron. Kai da kanka ka sha zama a bakin ƙofar zaure kana jiran kwanon mijina, Allah ya jiƙansa. Ko duk faranti masu faɗi sun shafe maka wannan?

Kuma bari in gaya maka abin da ban taɓa ganin dalilin faɗa ba. Lokacin da kake ƙarami, in Jelani ya zo Wurno cin kasuwa, nan yake sauka. In na kai masa tuwo da kaza, ba ya taɓa cinya, ba ya taɓa hanta. Sai ya turo kwanon ya ce, "A ba yara." Yara nawa ne a gidan? Kai kaɗai ne. Kana ci kana santi kana cewa Goggo ta iya ajiye maka daɗi, shi yana zaure yana jin ka. Iyakar hirar da ya iya yi da kai ke nan tun kana rarrafe. Ita ya ɗauka ya hau motar albasa ya kai maka har bakin teku.

Shi ma ban ƙyale shi ba. Na ce kai kuma Jelani, gidan mutane ka je, kowane wuri da tsarinsa, can ba a mayar wa mai girki da kwano don ya ci. Na ce yaron nan cewa ya yi ka wulaƙanta shi a gaban abokan aikinsa, har yana shirin ajiye aiki ya dawo dashe. Can ya tambaye ni wai da gaske ne kai ka dafa duka, ba wanda ya kama maka? Na ce da gaske ne. Ya ce, "Naman ga, ko haƙori bai so." Daga nan ya ɗauki igiyarsa ya ci gaba da gyara.

Na ce to amsar fa, ya tafi ko ya dawo? Ya ce in ba shi lokaci. Ban matsa ba, don na ga gonar da idona a hanyar dawowa. Maƙwabtansa duk sun ja fangali sun gama, tasa ko rabi ba a kai ba. In ya ce ka zauna, ya san abin da ya ce wa gonar. Tun da aka fara sako ruwan dam aka yanka masa wurin nan yake cikinta, ba ranin da ya tsallake.

Ni dai na gaji, Mu'azu. Na gaji da ɗaukar magana daga bakin wanda ba ya faɗa in kai wa wanda ba ya tambaya. Na faɗa maka abin da na gani, sauran ya rage naku.

Allah ya shirya mana ku, kai da uban naka.

Goggonka,
Uwaliya.

*

Ikko,
ranar Lahadi.

Goggo,

Ina gaisuwa. Na zauna kamar yadda kika ce, a kan buhun shinkafa a sito, na karanta. Ban iya komawa bakin wuta ba sai da aka zo aka kira ni.

Na san al'adar nan, Goggo. Wallahi na san ta. Da a zauren gidanki ne aka turo mini kwanon, da ban yi kuskure ba. Amma a kicin ɗin nan idona ya saba da karatu iri ɗaya, ban ga mahaifina ba, baƙon tebur na gani. Tun ranar nake ganin hannuna a kan kwandon nan. In na rufe ido sai in ga tsokar kifin tana faɗawa cikin ɓawon albasa, shi kuma yana zaune da farar rigarsa yana kallo. Ban san da wane baki ake ba da haƙurin irin wannan ba, ga shi ko bakin ma ba mu da shi a tsakaninmu.

Madam ta sake tambayata jiya. Na ce ta ƙara mini haƙuri zuwa ƙarshen wata. Ba zan yi miki ƙarya ba, ina son aikin nan. An kai ni na ga sabon kicin ɗin, ba a gama sa tukwane ba, na tsaya a tsakiyarsa na ji kamar an ce mini ga gidanka. Ban taɓa son wani abu haka ba.

Amma na ga yadda ya hau matakalar nan. Da can da na ce zan dawo, haushi ne ya sa na faɗa. Yanzu ba haushi. Mutumin da ya bar mini cinyar kaza shekara da shekaru bai kamata ya durƙusa a fangali shi kaɗai ba ina nan ina jera jatan lande a kan masa. In Baba Halliru ya sauke lodi na gaba zan biyo shi. Hannuna ya manta fartanya, amma zai tuna. Kada ki ce masa komai, kada ya ji nauyi. In na iso zan wuce gona kai tsaye, ya tarar da ni a ciki, ba sai an yi magana ba.

Ki yafe mini wahalar da na sa ki. Ki huta da hawa mota.

Ɗanki,
Mu'azu.

*

Goronyo,
ranar Alhamis.

Da sunan Allah mai rahama mai jin ƙai.

Zuwa ga Yaya Uwaliya, gaisuwa da girmamawa. Bayan haka:

Kin ce an ce kada ki faɗa mini, kin kuma faɗa. Kin kyauta. Ki ba Halliru wannan takarda ya tafi da ita yau, ya miƙa wa yaronki kafin ya ɗaura kaya.

Ki ce masa babu abin yafewa. Ni ma ban san tsarin wurin ba.

Ki ce masa na tsaya na dube shi ta gilashin nan kafin a fara kawo abinci, bai sani ba. Na ga yadda yake riƙe wuƙa, na ga yadda mutane ke matsawa in zai wuce. Na taɓa ganinsa da fartanya, ba haka yake riƙe ta ba. Ki ce ya amsa wa matar nan. Na yarda, Allah ya sa albarka. Masu magana a majalisa ni zan ji da su.

Kada ya zo don dashe, babu dashen da zai tarar. Na ba Mode maƙwabcina aron gonar, da irin da injin duka, a gaban shaidu. Shi da 'ya'yansa sun shiga tun shekaranjiya. Na yi haka ne don kada yaron ya samu abin da zai dawo dominsa. In zai zo ya zo da Salla, kamar kowa.

Jiya da safe aka sako ruwa. Na saba, sai ƙafa ta kai ni. Na tsaya a bakin kanal na ga ruwa yana shiga fangali ɗaya bayan ɗaya, ba ni na buɗe ba. Mode ya ce in zo in zauna a inuwa. Na ce masa a'a, wucewa nake yi. Na dawo gida na kwanta.

Wassalam.

Ƙanenki,
Jelani.